Ɗiya ta kai shekara 11, kuka da turo baki ba dalili: yaya uwa za ta yi?

Maman Rabi (mai kula da zaure): Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya guda ce ta yi ta shigowa ta bayan fage daga iyaye mata, daga unguwannin Maraɗi irin su Zariya, Bagalam, Ali Ɗan Sofo, har da garin Tibiri, shi ya sa na ga gara a baje ta a fili. Ɗiya ce mai shekara 10 zuwa 12, tana CM1 ko CM2, azuzuwan ƙarshe na firamare, ko ta shiga sizyam, ajin farko na sakandare. Da safe lafiya lau, tana dariya. Da rana a ce ta miƙo tsintsiya sai hawaye, ko ta turo baki ta shige ɗaka. Ta daina wasa da ƙannenta, ta fara maida magana, in an tambaye ta abin da ke damunta ta ce "ba komi". Wasu iyaye sun ce sangarta ce, wasu sun ce iska ce ta shafe ta. Waɗanda suka san aikin, don Allah ku yi mana bayani dalla-dalla. Ban da ambaton sunan ɗiyar kowa.

Hajiya Ungozoma: Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar hali, a fara duban jiki, don jikin ne ke gaba, halin na biye.

Balagar ɗiya mace tana farawa tsakanin shekara 8 da 13. Alamar farko ita ce ƙirgar dangi: wani ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, sau da yawa gefe guda kawai, kuma da zafi in an taɓa. Ba maruru ba ne, ba ciwo ba ne. Kada a matsa, kada a gasa, kada a ɗaure da ƙyalle. Ɗayan gefen zai biyo baya cikin ƴan watanni. Daga nan gashin hamata da na mara, warin zufa ya sauya, fuska ta fara maiƙo da ƙuraje. Sai tsawo ya zo da sauri, a shekarar da ya fi ƙarfi tana iya ƙara wajen santimita 8. Haila kuwa ba ta zuwa sai bayan kamar shekara 2 zuwa 2 da rabi da fitowar nono. Wata 6 zuwa shekara guda kafin ta zo za a ga farin ruwa kaɗan a wandonta, marar wari, marar ƙaiƙayi. Wannan ma ba sanyi ba ne, kada a ɗura mata jiƙo.

To duk tsawon shekarun nan biyu sinadaran da ƙwan mace ke fitarwa suna hawa suna sauka ba bisa tsari ba. Babbar mace jikinta ya san lissafin wata, ita ƙaramar bai daidaita ba tukuna. Ga kuma ƙwaƙwalwa: sashen da ke jin haushi da kunya da murna yana saurin nuna, sashen gaban goshi mai cewa "dakata, yi tunani" ba ya gama ƙosawa sai an wuce shekara 20. Shi ya sa in ta ce ba ta san abin da ya sa ta kuka ba, galibi gaskiya ta faɗa.

Abin da nake so uwa ta riƙe: ranar da kika lura da ƙirgar dangi, ki rubuta watan a wani wuri. Lissafinki ya fara ke nan, kin san kina da kusan shekara biyu ki shirya ta.

Baban Sani: Hajiya, mun ji bayanin asibiti, Allah ya saka. Amma iyayenmu mata su ma sun balaga, ba a ji suna murguɗa ma uwayensu baki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka ce ma yarinya wai jininta ne ke hawa da sauka, an ba ta lasisin rashin kunya ke nan. Gobe gidan wani za ta, can ba mai yi mata wannan lissafi.

Malama Zali: Baban Sani, ba wanda ya ce a bar ta ta zagi uwarta. Jin haushi daban, rashin ladabi daban. Na farkon ba ta da iko da shi, na biyun ana koya mata ta riƙe. Za mu zo kan yadda ake yi. Amma akwai abu biyu da ke ninka fushin nan, kuma duka biyun a hannun iyaye suke: barci da yunwa.

A lissafa ranar ɗiyar CM2 a garin nan. Ta tashi asuba, shara, wanke-wanke, wataƙila ɗibar ruwa a pampo. Lakwal. Ta dawo, aike ko talla. Islamiyya da la'asar. Bayan magariba makarantar allo ko bitar darasi. Ta ci tuwo, a zauna kallo, ba ta kwanta ba sai ƙarfe 11. In ta tashi 5 da rabi, awa 6 da rabi ke nan. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, daga 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Kullum ana bin ta bashin awa biyu ko uku. Babba ma in aka yi masa haka sati guda ba a iya zama da shi. Ƙari a kan haka, da balaga ta kama, jiki da kansa yana jinkirta jin barci da dare, sai ta yi ta juyi, da safe kuma tashi ya zama yaƙi. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, kuran ya ɗauke, abin ya ƙara lalacewa.

Gyaran ba wuya gare shi ba, nacewa yake so. Ta kwanta ƙarfe 9, ko 9 da rabi in ya yi nisa. Bayan sallar asuba, in da hali, a bar ta ta koma na rabin awa. Ranar da babu lakwal a bar mata ƙailula. Aikin dare, irin su wanke tukwane, a maida shi safe ko a raba da wani.

Yunwa kuma: jikin da ke ƙara tsawo haka yana ci kamar na babba. Ɗiya da yawa suna zuwa aji da ruwan shayi kawai, sai kuɗin rekireyasiyo su tafi ga alawa da yaskimo. Ku lura da lokacin da rigimar gida ke tashi. Mafi yawa daidai dawowa daga lakwal ne, ciki wayam, rana ta dake ta, tana sa ƙafa a zaure a tare ta da aike. A ba ta abinci da ruwa da minti 20 tukuna, sannan a yi aiken. Koko da ƙosai da safe, ko ɗumame, ko hura da nono, sun fi biskit ɗin butiki nesa ba kusa ba.

Maman Nana: Malama, to wadda ke ci sosai kuma tana barci, amma kullum a gajiye, ga ciwon kai, ga saurin hasala fa?

Majo Sale (ma'aikacin lafiya): Maman Nana, wannan sai a duba jini. Ƙarancin jini ya yi yawa ga ƴan mata a yankinmu, kuma alamominsa sun yi kama da abin da ake kira lalaci: kasala, jiri in ta miƙe, haki in ta ɗan yi sauri, rashin riƙe karatu, saurin fushi. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannu da harshe. In sun yi fari fat, alama ce. In kuma kin kama ta tana cin farar ƙasa, ko gawayi, ko tana tauna ƙanƙara ba ji ba gani, kada ki tsaya faɗa, wannan kwaɗayin yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe.

A kai ta CSI, wato asibitin unguwa, a nemi awon yawan jini (hemoglobin). In tana ƙasa da shekara 12, abin da ya gaza 11.5 ƙaranci ne. Daga 12 zuwa sama, abin da ya gaza 12. Sababin a nan yawanci huɗu ne, kuma sukan haɗu: abinci marar ƙarfe, zazzaɓin cizon sauro da ke maimaituwa daga Agusta zuwa Oktoba, tsutsar ciki, da jinin haila in ta fara. Ga yaran da ke wanka a gulbi ko tafkin Madarunfa a ƙara da tsargiya. A kula da wannan sosai: jinin tsargiya yana fitowa a ƙarshen fitsari, kuma akan ɗauke shi haila ce ta zo da wuri. Magani daban gare shi.

Abinci: hanta ko sau ɗaya a sati, nama, kifi, wake, fara, zogale, gero. Ƙarfen da ke cikin ganye da hatsi jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai an haɗa da abu mai tsami irin lemun tsami, tumatir ɗanye ko gwaba. Kopto, wato kwaɗon zogale, da matsin lemu ya yi daidai. Shayi kuwa yana tare hanya, a raba shi da abinci da aƙalla awa guda.

Hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawarar ƙwayar ƙarfe mai miligiram 60 haɗe da folik asid sau ɗaya a sati ga ƴan matan da suka fara haila, a wuraren da ƙarancin jini ya yawaita, wata 3 ana sha, wata 3 a huta. Wadda awo ya nuna tana da ƙarancin, nata adadin daban ne, likita zai rubuta. Ƙwayar tana maida bayan gida baƙi, ba abin tsoro ba ne. Amma mai sikila kada a ba ta ƙwayar ƙarfe da ka, sai da awo. Ita mai sikila balagarta ma takan yi jinkiri, sai ta ga sa'o'inta sun wuce ta, wannan kaɗai ya isa ya sa ta ƙunci.

Goggo Hajo: Ku ƴan boko kun iya lissahi, amma kun tsallake babban abu. Wa za shi yi mata maganar? A nan ƙasar Katsina da Gobir uwa ba ta ko kiran sunan ɗiyar fari, balle ta zaunar da ita ta ce ga abin da za ki gani a wandonki. Da can ba a bar abin haka sakaka ba. Akwai kaka, wadda ke wasa da jika, ba kunya tsakaninsu. Akwai goggo, akwai inna ƙanwar uwa, akwai yaya da ta yi aure. Su ke faɗi. Yanzu kowa ya ja iyalinsa ya koma bayan gari ya gina gida shi kaɗai, kaka na ƙauye, kunyar kuwa an taho da ita. Sai yarinya ta tashi ba mai gaya mata komi, ta ji a bakin ƙawaye.

Uwar da ta san ba ta iyawa, ta zaɓi mace guda cikin dangi, mai riƙe sirri, ba mai kai labari gidan biki ba. Ta ce mata a fili: na ba ki wance. Ita ma yarinyar a gaya mata: duk abin da kika ji nauyin gaya mini, ki gaya ma innarki. Sharaɗi guda, in abu ne na cuta ko wani namiji na damunta, dole ya dawo kunnen uwa, kuma yarinyar ta san da wannan sharaɗin tun farko.

Sannan a daina yi mata tsiya da jikinta. "Kai, wance an zama ƴan mata", a gaban baƙi, a gaban yayyenta maza. Ku kuna dariya, ita tana jin kamar ƙasa ta tsage. Daga nan ne za ku ga ta fara tafiya a duƙe, tana sa hijabi har cikin ɗaka. A saya mata ƴar shimi mai kauri ko ƙaramar rigar nono tun ba ta roƙa ba, a ba ta a ɓoye.

Kuma wannan gargaɗin da ake yi, wai in namiji ya taɓa ki ciki ne, ba ya tsare kowa. Yarinya ta gogi wani a adaidaita ta kwana tana kuka. A faɗa mata gaskiyar yadda abin yake, daidai hankalinta.

Malam Isuhu: Goggo ta yi gaskiya, kuma addini bai bar mu cikin duhu ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce a umurci yara da salla suna da shekara 7, a raba musu wurin kwana suna da 10. Mutane sun riƙe zancen salla sun manta da na shimfiɗa. Ɗiya mai shekara 10 tana da haƙƙin tabarmarta ita kaɗai, da wurin da za ta sauya tufa ba idon kowa. Ko ɗaki guda ne, labule da akwati mai makulli ba su fi ƙarfin magidanci ba.

Hukuncin jini kuma a koya mata kafin ya zo, ba ranar da ya zo ba. Yana cikin Ahalari da ake karantawa a kowace Islamiyya. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fara, mafi yawan kwanakin hailarta 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Ba ta rama salla, tana rama azumi. A nuna mata alamar tsarki da yadda ake wankan, mace ce za ta nuna mata, a aikace. Fitowar nono kaɗai ba ta sa ta zama baliga ba.

Wani abu da ke jawo rigima a gidaje: uba ko yaya namiji ya ga ba ta tashi salla ba, ya hau ta da faɗa a tsakar gida, ita kuma kunya ta hana ta faɗin dalili. Ko a Ramadan ta wuni da yunwa tana azumin ƙarya don kada ƙannenta su gane. Uwa ta sanar da uba a asirce, shi kuma ya kawar da kai. A ajiye mata abincinta a ɗaka.

Baban Sani, ga abin dubawa. An ruwaito cewa idan Nana Faɗima ta shigo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Uban da ya janye daga ɗiyarsa da zarar ta fara girma, ba ya magana da ita sai tsawa, ba sunna ya bi ba.

Baban Sani: Malam, na karɓi wannan. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. Uwa ta yi magana, yarinya ta buga ƙafa ta ce ba ta yi, ƙanne na kallo. A tsaya ana lallashi? Gobe su ma su yi.

Malama Zali: Ba lallashi ba, jinkiri. Ga yadda ake yi.

Lokacin da ta hau, kada a biye mata. Tana cikin kuka ko hargagi kunnenta a toshe yake, duk wa'azin da aka yi asara ne. Uwa ta faɗi magana guda, murya ƙasa: "Ba a yi mini magana haka. Shiga ɗaka, in kin huce za mu yi magana." Shi ke nan. Ƙannen sun ji an tsawata, ba su ga an yi kokawa ba. A ba ta minti 20 zuwa 30. Kada a bi ta ɗaka da gori, kada a aika ƙanwa ta leƙo.

In ta huce, a kira ta ita kaɗai. An fi samun bakinta in hannu na aiki, ana tsintar wake ko ana yi mata kitso, don ba a kallon juna ido cikin ido. Tambayar "mi ke damunki" amsarta "ba komi" ce kullum. A tambayi ƙaramin abu mai kama: wa kika zauna da ita yau a aji, mi mushe, malamin ajinku, ya ce da aka raba takardun jarrabawa. Sau da yawa sai a tarar abin daga waje ya taho, ƙawa ta daina yi mata magana ko an yi mata dariya a gaban allo. A wannan shekarun faɗan ƙawaye ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, kada a ce mata "wannan ne abin kuka?"

Bayan an saurare ta, sai hukunci. Aikin da ta ƙi yana nan yana jiranta, ba wanda zai yi mata. Ta ba uwarta haƙuri. In ta maimaita, a hana ta abu guda da take so, na kwana ɗaya ko biyu: kallo, ko zuwa gidan ƙawa. Hukuncin wata guda ba ya aiki, don uwar ce za ta gaji ta janye, yarinya ta gane maganar ba ta da nauyi. Dokokin gida kada su wuce huɗu ko biyar da ba a sassautawa, kamar salla, lakwal, dawowa kafin magariba, ban da zagi. Sauran, irin wane kallabi za ta ɗaura, ko shara za ta fara ko wanki, a bar mata zaɓi. Uba da uwa kuma bakinsu ya zama ɗaya, in da saɓani su yi shi ba a gabanta ba.

Duka yana kawo shiru nan take, shi ya sa ake ganin yana aiki. Abin da yake koya mata shi ne ɓoyewa. Ranar da wani mai butiki ko ɗan kabu-kabu ya fara yi mata maganar banza, wadda ta saba shan bulala ba za ta kawo ƙara gida ba, tana tsoron a ce ita ta jawo. Zagi irin "ƴar iska" ko "kin fara bin maza" ga ɗiyar shekara 11 ya ma fi bulalar ɓarna. Haka kwatanta ta da ɗiyar kishiya.

Baban Sani: Zancen ɓoyewar nan ya shige ni. Sauran dai ina da ja, amma a ci gaba.

Hajiya Ungozoma: In koma kan shiri. Tun an ga farin ruwan nan, a haɗa mata ƴar jaka ta sa cikin jakar lakwal: audugar mata guda 2, wando 1, leda baƙa. A nuna mata yadda ake liƙawa. Jinin farko sau da yawa ba ja ba ne, ruwan ƙasa-ƙasa ne kaɗan, sai ta zaci kashi ne ko ciwo, ta ɓoye wandon. A gaya mata wannan tun da wuri.

In ƙyalle za a yi amfani da shi, ba laifi, amma na auduga, tsohuwar atamfa mai laushi, guda 6 zuwa 8 nata ita kaɗai. A sauya duk awa 4 zuwa 6. A fara wankewa da ruwan sanyi, ruwan zafi yana kama jini a tufa, sannan sabulu. A shanya a rana. Inda ake kuskure shi ne kunya ta sa ta tura shi ƙarƙashin katifa da danshi, daga nan ƙaiƙayi. A ɗaura mata igiya a bayan ɗaki, ta rufa wani mayafi marar kauri a kai.

Shekara biyu zuwa uku na farko wata ba ya zuwa daidai. Tazarar kwana 21 zuwa 45 duk lafiya ce, har takan tsallake wata. Kada a tayar da hankalin gida da zargi. Ta riƙa sa alama a kalanda ko bayan kayye: ranar da ya zo, ranar da ya ɗauke, da ranakun da ta ji ƙunci. Bayan wata uku ko huɗu za a ga ko fushin yana taruwa ne a satin da ke gaban jini. In haka ne, a rage mata aiki da faɗa a ranakun.

Ciwon mara: tsumma mai ɗumi ko buta da ruwan ɗumi a kan mara. Yarinya mai kilo 35 zuwa 40 tana iya shan parasetamol mai miligiram 500, tazarar awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Ibuprofen ya fi kama ciwon mara, amma bayan cin abinci, kuma ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. A saya a farmasi, ba a tiren mai yawo da magani cikin rana ba.

Maman Nana: Salula fa? Ƙawayen ɗiyata duk suna da ita, kuka take a saya mata.

Malama Zali: A ra'ayina shekara 11 ba ta kai riƙe tata ba. WhatsApp da TikTok su kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙaranci. Ta yi amfani da ta uwa, a tsakar gida, minti 30 zuwa awa guda bayan ta gama bita, kuma salula ba ta kwana a ɗakin yara. A gaya mata tun farko cewa ana dubawa. Binciken ɓoye in ta gano shi, an rasa amanarta.

Goggo Hajo: Ni ko aron ban yarda da shi ba. Amma ku duba salular uwar ma mi ke ciki kafin ku miƙa.

Majo Sale: Saura zancen iska da Maman Rabi ta ambata. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma kada su tsaida zuwa asibiti, kuma duk mai maganin da zai daki yarinya ko ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki ko ya keɓe da ita, a ɗauke ta daga wurinsa.

Sauyin hali na balaga yana zuwa yana wucewa: ta yi fushi da rana, da dare tana dariya da ƙawaye, tana ci, tana zuwa lakwal. Wanda ke buƙatar likita shi ne wanda ya zauna. Sati 2 cur tana cikin ƙunci kusan kullum, ta bar abin da take so da can, ci ya ragu ko ta rame, barci ya lalace, sakamakon aji ya faɗi warwas. In ta ce gara ta mutu, ko aka ga yanka a hannunta, ranar za a kai ta, kuma a kawar da maganin ƙwari, na ɓera da ƙwayoyi daga inda hannunta ke kaiwa. Tambayarta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta ba ya sa mata tunanin, sauƙi yake kawo mata.

In hali ya juye dare ɗaya, ta koma fitsarin kwance, ko ta ƙi zuwa wani gida ko wani aike da ta saba, ko aka ga kuɗi da kayan da ba a san mafarinsu ba, a tambaye ta a hankali ko wani ya taɓa ta. Masu talla sun fi shiga wannan haɗari. Faɗuwa da sanƙarewa kuma a fara kawar da farfaɗiya da zazzaɓi.

Ta ɓangaren jiki, a je CSI ko cibiyar uwa da yaro in nono ya fito kafin shekara 8, in ba alamar komi har 13, in haila ba ta zo ba har 15, in jini ya wuce kwana 7 ko yana jiƙa auduga duk awa ɗaya zuwa biyu, ko ya ɗauke sama da wata 3.

Baban Sani: Wasu za su ce maku duk wannan doguwar hanya ce. Ta fara jini, ta fara tsiwa, a yi mata ɗaki a huta.

Hajiya Ungozoma: Suna faɗi, kuma mu ke karɓarsu a ɗakin haihuwa. Haila tana nuna ƙwai ya fara aiki, ba ta nuna ƙugu ya gama faɗi ba. Bayan jinin farko tana ƙara tsawo santimita 5 zuwa 7, ƙashin ƙugu kuma yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan nan. Ciki a wannan lokacin shi ke kawo doguwar naƙuda, jijjiga da yoyon fitsari. Tsiwar kuma ba ta tsayawa a gidan uba, tana bin ta can, inda ba mai yi mata uzuri.

Maman Rabi (mai kula da zaure): Zancen aure zaure guda ne shi kaɗai, mu ajiye shi ma wani sati. Wata uwa ta turo tambaya yanzu: ƙurajen fuska sun sa ɗiyarta ta fara shafa man bilicin na yayarta a ɓoye. Majo?

Majo Sale: A karɓe shi yau. Da yawa daga cikin mayukan nan akwai maganin kotizon a ciki, yana sa fata ta yi siriri, ƙurajen su ƙaru, ga nankarwa. Ta wanke fuska sau 2 a yini da sabulu marar ƙarfi, ta daina matsa su, ta bar shafa man gashi ko basilin a goshi. In suna da yawa, akwai man benzoyil peroksaid mai kashi 2.5 ko 5 a farmasi, ana shafa ɗan kaɗan da dare, a fara da kwana ɗaya a tsallake ɗaya don yana busar da fata, kuma yana cin launin matashin kai da hijabi. Sai an yi sati 6 zuwa 8 kafin a ga canji, a gaya mata haka don kada ta yar da shi a sati na biyu. Masu manyan ƙuraje da ke barin tabo a kawo su a duba.